Jikokin Barkono

A garin nan na Makka in akuyarka ta mutu, maƙwabta za su tako har ƙofa su ce Allah ya mayar da alheri. In karenka ya mutu, sai a ce Allah ya raba ka da ƙazanta. Wannan abu yana ci mini rai tun ina yarinya, ban kuma ga ranar da zai daina ba. Ni ce Saude ta Tandabawi, wadda matan unguwa ke kira Uwar Karnuka in sun ɗauka ba na ji. Ina kiwon karnuka, ina haɗa su barbara, ina kai su gasa, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Irin da ke hannuna gadonsa na yi, yanzu kuwa yana neman ƙarewa a hannun nawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka faro, tunda Allah ya sa na iya riƙe alƙalami, ko da yake sai da furfura ta fara leƙowa.

Ina 'yar shekara tara, washegarin ranar da alhazai suka gama jifa suka watse daga Mina, muna hoshin Gwaggo Tabawa muna shanya burodi. Hoshi shi ne garken dabbobi mai shinge, nata kuwa yana can kudu bayan an wuce Kudai, inda kwalta ta ƙare a lokacin. Bayan aikin hajji, burodin da alhazai suka rage tsibi-tsibi yake a bayan masaukai, mu kuma mu bi da buhuna mu kwaso, mu baza a kan duwatsu ya bushe ƙarau, awaki su yi watanni suna ci. Rana ta take, dutse yana ƙona tafin ƙafa, sai ga motar Malam Haruna, direban da ke kawo mana barsim, ɗanyar ciyawar nan da akuya ke haukacewa a kanta. Ya gama sauke dammunan ciyawa, sannan ya sauko da wani kwali yana ta yaƙe kamar wanda ya yi ɓarna. Ya ce wasu Turawa ya kwashe wa kaya zuwa tashar jirgin ruwa a Jidda, sun tafi sun bar masa wannan, matarsa kuma ta ce ko ita ko kwalin.

Abin da ya fito daga ciki bai fi ɗan akuya sabon haihuwa ba. Karya ce fara, gashinta cirko-cirko, da jan tabo a ido ɗaya, ga gemu kamar na bunsuru. Gwaggo ta riƙe ƙugu ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Haruna, wannan kare ne ko soson wanke tukunya?" Bai kai ga amsawa ba na ɗaga wani buhu, wani ƙaton ɓera ya fyallo ta tsakanin ƙafafuna. Na kurma ihu. Kafin in rufe baki 'yar abin nan ta cim masa, ta kama wuya, girgiza ɗaya ta yar. Ko shinshina shi ba ta yi ba, ta koma gindin buhunan ta kafa hanci, jela a miƙe tana rawa, tana waiwayena kamar mai cewa ɗaga na gaba mana. Na ɗaga. Haka muka yi ta yi, ni ɗagawa ita kisa, har Gwaggo ta zauna a kan bokiti tana dariya da hawaye. Ta ce, "Ƙarama sai yaji. Wannan Barkono ce." Tun daga wannan rana ban sake zama lafiya ba.

Gwaggo Tabawa yayar mahaifina ce. A hanya aka haife ta, a Sudan, lokacin da kakanninmu suke tahowa daga Kano ta Cadi, su yi noma nan su yi ƙwadago can har suka ga teku. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta haihu ba, ta ƙi kowane zawarci, ta kama awaki. Doguwa ce, siririya, hannunta kamar itacen tsamiya, muryarta kuwa in ta kira akuya daga gindin dutse har ta maƙwabta sai ta waiwayo. Da hannunta ta kafa shingen hoshin, da langa-langa da tsofaffin ƙofofin otal da ƙarafan gadaje. Ban taɓa ganin macen da ta san abin da take so irinta ba, ban kuma taɓa jin ta nemi afuwar wani don yadda Allah ya yi ta ba.

Gidanmu yana Tandabawi, can saman dutse, inda sai ka hau matakala har gwiwa ta yi kuka. 'Yan'uwana maza suna tafiya makaranta da jakunkuna, ni kuma ina ɗauko ruwa a jarka, in taya Inna soya gyada da ƙulla zoɓo, in na samu sarari mu yi 'yar carafke da ƙawaye a kan dakali. Allo kawai na yi, shi ma da na kai inda zan iya salla aka ce ya isa. Ban ji zafin abin ba a lokacin, domin duk ranar da Gwaggo ta biyo ta ɗauke ni zuwa hoshi, gani nake na fi mai jaka sa'a. A can ni ke share kashin awaki in tara a buhu don masu lambu, ni ke yanka barsim, in jiƙa burodi, in riƙe ƙafar akuya mai harbi a yi tatsa. Duk inda na sa ƙafa Barkono tana bayana. In na tsuguna wanke kwano sai ta sace mini takalmi ɗaya ta gudu bayan rumbun sha'ir, ta tsaya daidai inda hannuna ba zai kai ba. Kunama ta taɓa harbinta a hanci, fuskarta ta kumbura kamar alkaki, duk da haka washegari ta koma ramin da ta samo ta.

Magana ba ta daɗe ba ta hau dutsen Tandabawi. Wata maƙwabciyarmu ta daina sayen zoɓon Inna, wai hannun da ya ƙulla ya taɓa kare. Mahaifina mutum ne mai gudun surutu, ya sami Gwaggo ya ce, "Yaya, yarinyar nan mace ce fa. Wa zai aure ta in ana ce mata mai karnuka?" Gwaggo ba ta ko ɗago daga tatsar da take yi ba, ta ce, "Wanda zai guje ta saboda kare, ai kare ya yi aikinsa ke nan, ya kore mata ɓarawo." Ta ƙara da cewa ta tambayi malam, karen kiwo da na gona da na farauta babu laifi a ajiye, wanda kuma ya fi malam sani ya zo ya kama mata ɓera da bakinsa. Baba ya yi dariyar da bai shirya ba, maganar ta mutu a nan.

Amma kada wani ya ɗauka sakaka muke yi. Gwaggo tana da dokoki, kuma ba ta san wasa a kansu ba. Kare ba ya shiga ɗakin da ake kwana ko ake salla. Kwanonsa daban ne, ta shafa masa jan fenti a gindi don kada a rikita. Rigar hoshi tana rataye a ƙusa, ba a zuwa gida da ita, ba a salla da ita. Ba ta kuma taɓa sayar da kwikwiyo ba, takan ce, "Kuɗin kare ba ya shiga tukunyata." Kyauta take bayarwa, shi ma sai ga mai garke ko mai gona, sai ta je da ƙafarta ta ga inuwar da za a ɗaure shi.

Ashe Barkono da ciki ta zo. Wata safiya muka same ta a bayan rumbu, ta tona rami ta zube 'ya'ya, farare tas kamar curin auduga. Ni na raɗa musu suna, Gwaggo ta ce tunda uwa Barkono ce to a ci gaba da kayan yaji. Aka sami Kanumfari da Masoro da Kimba da Daddawa, sunayen da har yau muke juyawa daga kaka zuwa jika. Na zama uwar goyo. Ina ɗaura ɓeran tsumma a igiya in ja su bi, ina ɓoye ƙashi a yashi su tono, in zafi ya yi yawa in jiƙa buhu in shimfiɗa musu. Gwaggo ta koya mini tsige musu mataccen gashi da yatsu, kaɗan-kaɗan kamar figar kaza, don su ji iska. In kwikwiyo ya tasa, sai ta saka shi a rumbu tare da kaza mai 'yan tsaki. Wanda ya kalli tsaki ya wuce ya nufi ramin ɓera, ya ci jarrabawa. Wanda ya taɓa tsaki kuwa ba zai taɓa haihuwa a hoshinta ba, ko da kyansa ya kai na dawisu.

Doka mafi tsauri daga baya ta zo, kuma a gabana aka kafa ta. Kanumfari ce ta fi kowa wayo a 'ya'yan farko, ni kuma ita na fi so. Lokacin barbararta ya zo, ta tona ƙarƙashin shinge ta fita, ta haɗu da wani ƙaton karen bola mai tsayin maraƙi. Da haihuwa ta zo, 'ya'yan sun fi ƙarfin jikinta. Gwaggo ta yi duk abin da ta sani na awaki, da man zaitun da hannu da addu'a, tun hantsi har la'asar, amma Kanumfari ta mutu a kan cinyarta. Ranar ce kawai na ga Gwaggo ta juya wa mutane baya ta fuskanci shinge. Da ta juyo ta ce, "Daga yau tuwona maina. Jinin Barkono ba zai sake haɗuwa da bare ba." Haka kuwa aka yi. Wa da ƙanwa, kawu da 'yar ɗan'uwa, in an ba wani mai garke namiji sai a aro shi ya zo ya koma. Ba mu ga wani abin mamaki a ciki ba. Ai mu ma haka muke yi a unguwa, ɗan wa ya auri 'yar ƙane, a ce an ƙara danƙon zumunci. Kuma shekara da shekaru karnukan suna fitowa kamar an buga su da hatimi ɗaya, gemun nan, tabon nan, zuciyar nan.

Na girma, na yi aure a unguwar Rusaifa, na sami mai haƙuri wanda kare bai kora ba. Gine-gine suka taso suka ture hoshin Gwaggo, muka ƙara gaba cikin kwari muka sake kafa shinge. Da ƙafafunta suka gaza ni na riƙe, da ta rasu kuma maza suka zauna rabon awaki, babu wanda ya ɗaga kai da aka zo kan karnuka. Na ce nawa ne. Wani ya ce Allah ya ba ni lafiya. Na ce amin, tare da shi.

Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar manya ta yamma, na zauna a benci da mata sa'o'ina muna haɗa baƙi kamar yara. Malamarmu ta tambayi kowa abin da take so ta fara karantawa, wasu suka ce takardar asibiti, wasu saƙon 'ya'yansu. Ni na ce labarin karnuka. Aji ya fashe da dariya, ban damu ba. Ɗana Bandar, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, ya nuna mini yadda ake nema a waya. A nan na ga hoton Barkono, ko in ce 'yan'uwanta, a wata ƙasa mai sanyi. Ashe iri ne sananne, teriya ake ce musu, don kisan ɓera da shiga rami aka yi su tun asali. Ashe har tsigar gashin nan da yatsu haka masu su ke yi. Na yi ta kallon hoton ina cewa ina ma Gwaggo ta gani, da ta ce an dai kwaikwaye ta.

Daga nan na ji ana taron nuna dabbobi a Jidda, har da karnuka, akwai kuma rukunin da ba a tambayar takardar asali. Na koya wa Citta, wadda ta fi kyau a 'yan hannuna, tafiya da igiya a gefen hagu da tsayuwa a kan tebur ba motsi, abin da ya fi kisan ɓera ɗari wuya a wurinta. Muka je. Ga 'ya'yan masu hali da karnuka masu ƙamshin turare, ga ni da abaya mai warin bunsuru. Aka duba haƙoranta, aka shafa bayanta, muka zagaya fili. Citta ta ɗaga kai tana taku kamar filin na ubanta ne. Ranar muka dawo da ƙyallen yabo, na ɗaure shi a ƙofar rumbu. Na koma sau da dama bayan nan, ban cika dawowa hannu rabbana ba, kuma duk wanda ya ce in sayar masa sai in ba shi amsar Gwaggo.

A zuwa na ƙarshe na tafi har da Masoro, ɗan'uwan Citta. Cikin masu dubawa akwai wata likitar dabbobi, yarinya 'yar Jidda, mai ladabi, tana ce mini Hala, wato inna. Ta zagaya bayan Masoro ta saki makullanta a ƙasa. Duk karnukan wurin suka zabura, shi ko kunne bai kaɗa ba. Na ce mata na sani, kurma ne, da hannu nake masa magana. Ta tambayi ko shi kaɗai ne, na ce a'a, 'yan shekarun nan kusan kowace haihuwa sai an samu, haihuwar ma ta ragu. Ta ce wa ye ubansa, na faɗa. Ta ce uban uwarsa fa, na ce shi ne dai. Ta ce, "Hala, jinin nan ya gaji. In ba ki kawo na waje ba, ba za su kai ko'ina ba." Ta ce akwai wani dattijo mai gonar rumman a Ta'ifa, yana da namiji irin nawa sak, girmansu ɗaya, ba abin tsoro a haihuwa. Ta sa wa Bandar lambarsa a waya. Ni kuwa na ce mata ta riƙe shawararta, Gwaggona ta yi kiwo tun kafin a haifi uwarta. A mota Bandar ya buɗe baki, na ce ya kalli hanya.

Watanni suka wuce, Kimba, ɗaya daga cikin 'yan hannuna, ta haihu da hantsi. Yawancinsu a mace suka fito. Ɗaya ce ta yi motsi, 'yar fara mai jan tabo a ido, kamar Barkono ta dawo. Na sa ta a nono, sai madara ta riƙa fitowa ta hancinta. Na buɗe bakin na ga ganɗarta a tsage. Kafin azahar ta bi 'yan'uwanta. Na haƙa rami a gindin ƙaya na rufe su, na dawo na dubi abin da ya rage mini: Kimba da ba za ta sake ɗaukar ciki ba, Masoro kurma, tsofaffi biyu da ke kwana a inuwa, sai Citta, wadda alamun barbara suka fara bayyana a jikinta a makon nan. In wannan karon ya wuce ko ya lalace, ban san ko akwai wani ba.

Na zauna a kan bokiti har rana ta yi ja. A Makka mata ba ma zuwa maƙabarta, balle in je in tsaya kusa da Gwaggo in faɗa mata. Sai na yi ta tuna fuskarta ranar Kanumfari. Gwaggo ta kafa dokar nan ne don kada ta sake binne karya, ni kuma ga shi dokar ce ta sa mini shebur a hannu. Ita abin da idonta ya gani ta bi, kuma ba ta taɓa jin tsoron sauya hanya in ta ga rami ba. Macen da ta ƙi komawa ɗakin aure ta kama awaki, ta karɓi kwalin da kowa ya ƙi, ba za ta zauna tana kallon rumbu ya koma na ɓeraye don wata magana da ta faɗa cikin kuka ba.

Inda tsohon hoshinmu yake yanzu motocin alhazai ne ke kwana a jere. Layinmu na Tandabawi rabi ya tafi, matan da suka yi gulmar Inna da Innar kanta duk suna ƙasa ɗaya. Jikokina ba su san warin barsim da sassafe ba, ba su taɓa ɗaga buhu zuciyarsu na dukan uku-uku ba, in na ce musu kwikwiyo sai sun tambayi ubansu me nake nufi. Ba na cewa da ta fi yanzu, da akwai yunwa da jahilci, na ɗanɗana duka biyun. Amma akwai wata dariya da aka yi a kan bokiti, wadda har yau ban sake jin irinta ba.

Washegari bayan asuba na wanke Citta, na tsige mata gashi, na gyara gemun. Na zaɓi ɗan bunsuru mafi ƙiba a garke na ɗaure masa ƙafafu, domin ba a shiga gidan surukai hannu rabbana. Na buga wa Bandar waya na ce ya kira dattijon nan ya ce muna tafe, ya kuma zo da mota. Ya iso yana mutsuttsuke ido, ya ga karya a kwando, ga bunsuru yana kuka a ƙasa. Ya ce, "Ummi, ina kuma za mu da sassafen nan?"

Na ce, "Ta'ifa. Neman aure za mu, ɗauko bunsurun."